Lodin Dawowa: Jagora ga Mai Mota Ɗaya Kan Neman Kaya da Ciniki da Dillali

Daga ƙasar Katsina, kayan tafiya kurmi ba ya wuyar samu. Akwai shanu da raguna a Mai'aduwa da Charanchi, masara da waken suya a Dandume da Funtuwa, tumatir a Ɗanja idan rani ya yi, ga riɗi da zoɓo bayan kaka. Mai mota zai yi lodi, a ƙirga masa kuɗi mai kauri, ya kama hanya da farin ciki. A dawowa ne ake karyewa. Motar da ta sauke a Mile 12 ko Agege a Legas ta juyo fanko za ta ci fiye da kilomita 1,000 kafin ta ga Daura, tana shan man gas, tana cin taya, ba wanda ya biya ko sisi. Idan mai ita ya zauna ya yi lissafi tsakaninsa da Allah, zai tarar ribar zuwa ta ƙare a hanyar dawowa, wani lokaci har ta taɓa uwar kuɗi.

Da yaron mota na fara, yau ina da tawa guda ɗaya, tirela mai bodi da ke ɗaukar tan 30. Ba kamfani a bayana, ba manajan da ke nemo mini kwangila. Ni ke tuƙi, ni ke ciniki, ni ke riƙe littafi. Ga irina nake wannan bayani, da kuma matasan da iyayen gidansu suka damƙa wa mota aka ce su riƙe amana.

Tun kana gida za ka fara nema

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuskuren da na fi gani shi ne direba ya bari sai ya sauke kaya, ya yi barci ya tashi, sannan ya fara tambayar ina ake samun lodi. A lokacin ya riga ya zama ɗaya daga cikin motocin da ke jere a gareji, kowa ya san gida yake so, dillali kuma ya fi kowa sani.

Ranar da ake maka lodi a Mai'aduwa ko Dandume, ranar za ka fara buga waya. Ka soma da mai kayan da ka ɗauka. Fataken shanu da na hatsi da yawa ba sa dawowa da tsabar kuɗi, suna juya shi su sayo goro ko manja ko katako, wanda bai yi ba kuma yana da ƙani ko aboki a harkar. Ka ce masa, “Alhaji, in Allah ya sauke mu lafiya, ko a cikin mutanenka akwai mai kayan arewa?” Bayan shi sai maigidan da kayan za su sauka a hannunsa can, domin shi ke zaune a kasuwar, kunnensa ya fi naka tsawo. Sannan direbobin garinku da suka riga ka isa. Su za su gaya maka motoci nawa ke jiran lodi a garejojin Ogere ko Shagamu da ke kan hanyar Legas, da nawa aka yi lodin jiya. Wannan labarin shi ne jarinka a wajen ciniki.

Ga dillalan da ka riga ka sani, ka tura saƙon murya ta WhatsApp tare da hoton motar. Ka faɗi irin motar, tan nawa take ɗauka, kana da tamfol mai kyau ko babu, ranar da kake sa ran saukewa, a wace kasuwa, da garin da za ka nufa. Kada ka ce “ko mene ne a samo mini.” Wanda ya faɗi haka ya gama faɗin farashinsa. Kuma kada ka yi wa mutum uku alkawarin mota ɗaya. Ka ce kana nema, wanda ya fara kawo magana mai kyau shi ne naka. Direban da aka sani da saɓa alkawari, wayarsa takan daina ƙara ba tare da an gaya masa dalili ba.

Lissafi uku da za su zauna a kanka

Kafin ka buɗe baki a gaban dillali, ka san abu uku kamar yadda ka san lambar motarka.

Na farko, abin da kayan zai ƙara maka. Ka san man da motarka ke sha fanko da wanda take sha da cikakken lodi. Kada ka ari na wani, domin tsohuwar DAF da sabuwar Howo ba cinsu ɗaya ba, har ƙafar direba ma tana canja shi. Ka cika tanki, ka rubuta, bayan tafiya biyu ko uku za ka san naka. Mu ɗauka, don misali kawai, motarka tana shan lita 380 fanko daga Legas zuwa gida, da kaya kuma lita 500. Lita 120 ɗin nan da ke tsakani, ka haɗa da ƙarin kuɗin rasit da na shingaye da mota mai kaya ke biya, da rabon taya da birki da sifirin. Wannan shi ne ƙasan ƙasa. Duk wanda ya taya ƙasa da shi, so yake ka ciro daga aljihunka ka kai masa kayansa.

Na biyu, kuɗin dawowar gaba ɗaya: lita 500 ɗin duka, abinci, sallamar yaran mota, komai da komai. Wannan kake so lodin dawowa ya rufe ko ya wuce, don ribar zuwa ta iso gida cif. Tsakanin lissafi na farko da na biyu nan ne filin ciniki, kuma dillali ya san filin nan sarai. Shi ya sa za ka ji ya ce, “Ai gida za ka, ko ba kaya ma tafiya za ka yi.” Gaskiya ya faɗa, amma rabinta. Sauran rabin shi ne mai kaya ma dole kayansa su hau arewa, kuma babu motar da za ta kai su don Allah.

Na uku, wanda aka fi mantawa, shi ne kuɗin kwana. Kowace rana da mota ta yi a tsaye tana cin kuɗin gareji, na mai gadi, da abincin mutum uku. A ce an taya maka lodi yau a kan naira 900,000, wani kuma ya ce ka dakata kwana huɗu akwai na 1,050,000. Idan kwana ɗaya na cin 25,000, jiran ya haɗiye 100,000, saura 50,000. To idan kwana huɗun nan za su sa kasuwar Lahadi ta Mai'aduwa ta wuce ka, ka yi asarar mako guda a kan 50,000, kuma lodin da aka yi maka alkawari bai ma zo hannu ba tukuna. Waɗannan lambobi misali ne, ka sa naka a gurbinsu. Ni dai na sha ganin mutum ya yi kwana goma yana jiran farashin da zuciyarsa ke so, ƙarshe ya ɗauki wanda ya ƙi a ranar farko.

Me ke hawa arewa, daga ina, a wane lokaci

Goro yana fitowa daga wajen Shagamu, Ife da Ondo. Manja daga Edo, Delta da ƙasar Ibo. Katako daga Ore, Benin da Sapele. Lemu da doya daga Benuwai. Taliya, fulawa, sukari, gishiri da sabulu daga kamfanonin Apapa, Ikeja, Agbara da Ota. Taki daga Fatakwal da Lekki. Siminti daga Obajana a Kogi da Okpella a Edo, kuma duka biyun suna kan hanyar mai bi ta Lokoja. Kamfanonin siminti suna da motocinsu, amma dilolin da ke kwasar kayansu da kansu suna hayar mota, buhu 600 shi ne tan 30 ɗinka. Har kwandunan tumatir da babu komai a ciki lodi ne. Kuɗinsu bai kai na sauran ba, amma ba su da nauyi, mota tana tafiya da su kusan kamar fanko.

Kowane kaya da halinsa. Goro ba ya son rana, ba ya son jinkiri, mai shi zai biya da kyau amma zai bi ka da waya dare da rana, kuma yana da gaskiya. Manja idan jarka ɗaya ta fashe, kai da wankin bodi. Katako yana son sarƙa da igiya masu kyau da takardun gandun daji cikakku. Kayan kamfani kuwa ana duba bodin kafin a yarda, saboda haka idan shanu ka kai, ka kwashe yashin da aka shimfiɗa, ka wanke bodin da kyau ya bushe kafin ka nuna wa kowa motar. Na ga an mayar da mota daga bakin ƙofar sito saboda wari, bayan ta yi kwana biyu a layi.

Tashar jiragen ruwa ta Apapa ba wurin da ake faɗawa kai tsaye ba ne. Tun watan Fabrairun 2021 babbar mota ba ta shiga sai da izinin tsarin Eto, wanda ake yi wa mota rajista a kansa, kuma kwantena mota mai shimfiɗa take so. Mai bodi irina gara ya nemi manyan sitocin da ke wajen tashar.

Ka kuma lura da lokaci. Ana saura mako biyu Babbar Sallah, motocin raguna suna kwarara kudu, kowa kuma yana so ya yi Idi a gida. Mota ta yi yawa, kaya bai ƙaru ba, farashin dawowa sai ya faɗi warwas. Haka ma tsakiyar kakar tumatir. A irin wannan lokaci wanda ya kama lodinsa tun daga gida shi ke tsira. Gab da damina kuwa taki yana neman mota, nan kai ne mai tsada, kada ka yi saurin sallamawa. Idan ƙasar Ibo ka nufa, ka tambayi halin ranar Litinin kafin ka tsara lodi, domin daga 2021 an riƙa yin zaman gida a ranar, kasuwanni a rufe, a garuruwa da dama.

Kada ka nace sai kayan Katsina

Mafi yawan kayan da ke hawa arewa a Kano suke sauka: kayan masarufi a Singa, goro a Mariri, katako a Na'ibawa, lemu a 'Yan Lemo, kayan gini da na gyaran mota a Ƙofar Ruwa. Idan ka ce sai lodin da zai kai ka Katsina ko Daura kai tsaye, za ka daɗe a gareji. Ka karɓi na Kano, ko na Kaduna da Zariya. Daga Kano zuwa Daura ta Kazaure tafiyar 'yan sa'o'i ce, haka Katsina, kuma kullum 'yan kasuwar garuruwan nan da na Jibiya da Mai'aduwa suna sayen kaya a Kano suna neman mota. Lodi biyu ke nan a dawowa ɗaya. Wanda ya sauke a Zariya kuma Funtuwa na gabansa, inda aka ƙaddamar da tashar sauke kwantena ta tsandauri a 2024, daga nan ya bi ta Malumfashi ya fito Gidan Mutum Ɗaya.

Kayan bakin iyaka, Jibiya ko Kwangwalam, ka tabbatar ko a cikin Najeriya za a sauke ko za a tsallaka. Mun ga rufe iyaka a Agustan 2019, mun sake gani bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, motoci suka yi ta kwana da kaya a kansu. Idan kuma wurin saukewa yana cikin yankunan da tsaro ya taɓarɓare, ka tambayi direbobin hanyar a ranar, ka sa sharaɗin da rana za ka shiga da rana za ka fito.

Shiga gareji da sanin dillali

Idan ka isa garejin da ba ka saba ba, ka fara da ofishin ƙungiya, NARTO ce ta masu motoci ko NURTW ta direbobi ko wadda ke riƙe da wurin. Ka gaisa, ka biya abin da ake biya, ka karɓi rasit, ka tambayi yadda layi yake. Tsallake layi yana jawo rigimar da ta fi ƙarfin baƙo. Ranar da ciniki ya lalace kuma, ofishin nan ne wurin da za ka kai ƙara, sai kuma fadar Sarkin Hausawan garin.

Dillali ba abokin gaba ba ne. Shi ya san wane sito ke da kaya, shi ya tsaya wa mai kaya cewa ba za ka gudu da dukiyarsa ba, ya cancanci la'adarsa. Abin da nake tsoro shi ne dillali a kan dillali. Mai kaya ya ba wa na farko, na farko ya miƙa wa na biyu, na biyu ya kira ɗan kamasho a gareji, kowa ya yanki rabonsa, abin da ya iso gare ka ƙashi ne. Ya taɓa faruwa da ni. Na ɗauko katako zuwa Kano ta hannun wani da ban bincika ba, na sauke, na nemi cikona, mai kayan ya nuna mini shaidar ya biya kuɗin mota gaba ɗaya tun ranar lodi, kuma abin da ya biya ya fi wanda aka gaya mini nesa ba kusa ba. Wanda ya haɗa mu ya kashe waya. Kwana biyar na yi ina bin magana, rabin cikon kawai na samu, shi ma don dattawan kasuwar sun sa baki.

Tun daga ranar, tambayata ta farko ita ce, “Malam, kai da mai kayan kuke magana, ko akwai wani a tsakani?” Ta biyu, “Wa ya san ka a garejin nan?” Dillalin kirki yana da wurin zama, yana da waɗanda za su shaide shi, kuma ba ya jin haushin tambaya.

Cinikin kansa

Kada ka fara da kuɗi. Idan ya ce, “Direba, akwai kaya zuwa Kano, nawa za ka yi?” ka amsa da tambaya. Wane irin kaya ne? Tan nawa, an auna a sikeli ko kintace ne? A wuri ɗaya za a yi lodi ko sai an zagaya? Kayan yana ƙasa a shirye, ko ana jiran a biya kamfani? Wuri nawa za a sauke? Kowace amsa tana da kuɗinta. Saukewa a wuri uku cikin Kano yini guda ne cur. Kayan da aka ce tan 30 ne ya zama 38, wannan sifirin ɗinka ne da tayoyinka, ga tarar masu awo a hanya.

Bayan ka ji komai, ka bar shi ya taya. “Alhaji, kai ke da kaya, taya mu ji.” Tayin farko kusan kullum gwaji ne, yana so ya ga ko yunwa ta kama ka. Ka ce albarka cikin sakin fuska, ba tare da ɓacin rai ba, sannan ka faɗi naka sama da abin da kake so, amma ba sama da hankali ba. Ka kawo dalili da lissafi: ga kuɗin lita a yau, ga litar da motar ke sha, ga abin da aka yi wa wane lodi shekaranjiya. Dillali yana iya musu da son ranka, amma da wuya ya yi musu da farashin da ke rubuce a gidan mai, musamman yadda komai na mota ya hau tun bayan cire tallafin fetur a Mayun 2023.

Ka yi maganar abin da zai shigo hannunka. “Nawa zan karɓa bayan an cire la'ada da kuɗin ƙungiya?” Wani wuri la'ada kashi ce cikin ɗari, wani wuri tsayayyen kuɗi ne a kan kowace mota, wani dillalin kuma yana karɓa daga ɓangare biyu. Duk ba laifi idan an faɗa a fili. Laifin shi ne a kira maka babban kuɗi ka yi murna, sai wajen biya a fara zaftarewa.

Akwai abin da ba a faɗa. Kada ka gaya masa kwana nawa ka yi kana jira, ko kuɗin abinci ya ƙare, ko matarka ta kusa haihuwa. Ka ja wa yaran motarka kunne su ma, domin a wajen mai shayi ake jin sirrin mota. Kuma kada ka yi ciniki a tsakiyar taro. Ka ja shi gefe. Mutumin da ya rantse a gaban jama'a ba zai ƙara ko kwabo ba, kunya za ta hana shi ƙarawa ko da yana so.

Idan kuɗi ya tsaya cak, ka juya ga sauran sharuɗɗa. “To na ji, ba za ka ƙara ba. A yi mini lodi yau kafin la'asar, a ba ni kashi uku cikin huɗu a hannu, kuɗin 'yan dako a kan mai kaya.” Sau da yawa wannan ya fi ƙarin 30,000 amfani, kuma ya fi masa sauƙin amincewa, domin bai taɓa la'adarsa ba. Idan har yanzu bai kai ƙasan lissafinka ba, ka yi masa godiya, ka bar masa lambarka, ka koma inuwar motarka. Idan kayan na gaggawa ne zai kira kafin magariba. Idan bai kira ba, dama ba rabonka ba ne.

Abu ɗaya nake roƙon 'yan'uwana direbobi. Idan ka tarar ɗan'uwanka yana tsakiyar ciniki, kada ka zagaya ta baya ka ce za ka yi ƙasa da nasa. An hana mu ciniki a kan cinikin ɗan'uwa, kuma farashin da ka karya yau shi za a taya maka a tafiya mai zuwa, a ce ai wane ma haka ya yi.

Bayan an ce an sallama

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Cikon kuɗin mota bashi ne. A rubuta, ko a takarda ko a saƙon waya da kowa zai riƙe: jimillar kuɗi, kafin alƙalami nawa, ciko nawa, wa zai biya cikon, a ina, yaushe. Ka sa dillali ya kira mai kayan ko mai karɓa a gabanka, ka ji da kunnenka ya ce, “E, ni zan ba ka kaza idan ka sauke.” Kiran minti biyu ne, da na yi shi da ban kwana biyar a Kano ba.

Ƙa'idata a kan kafin alƙalami ita ce ya ishi mai da kuɗin hanya har gida. Ba na saya wa kayan wani mai da kuɗina. Idan ta banki aka turo, kada saƙon shigar kuɗi ya ishe ka, akwai na bogi. Ka buɗe asusunka ka ga kuɗin a zaune kafin ka tayar da mota.

A yi maganar kuɗin kwana tun yanzu: idan na isa aka riƙe mini mota fiye da kwana ɗaya ko biyu ba a sauke ba, nawa ne kowace rana? Da yawa za su yi dariya su ce ba a haka. Ka nace ko kaɗan ne, domin wanda ya san jira zai ci masa kuɗi yakan samo 'yan dako da wuri. A kuma fayyace wa ke biyan harajin kaya na jihohin da za a ratsa, da abin da za a yi idan buhu ya fashe ko ruwa ya taɓa.

Wajen lodi ka tsaya da kanka, ko yaronka mafi hankali ya tsaya da biro da takarda. Ka ƙirga, lambar da ke kan takardar kaya ta yi daidai da abin da ke cikin mota, wanda ya zo a yage a rubuta tun a nan. Ka ɗauki hoto kafin a rufe tamfol. Kwalin da aka ce kada ka buɗe, ko buhunan da aka ce sai dare za a ƙaro, nan ne wurin tsayawa. Idan kwastan suka sami shinkafar waje ko wani haramtaccen kaya, har motar suke kamawa. Idan jami'an NDLEA suka sami ƙwaya a ƙarƙashin kaya, direba ne a hannu, dillali yana gidansa. Farashin da ya fi na kasuwa ba dalili, ka tambayi kanka me ake saye da shi, domin banza ba ta kai zomo kasuwa.

Sai maganar ɗaukar mutane a bayan mota. Na san jarabar: ba lodi, ga 'yan'uwa masu son komawa gida, kowa zai ba da ɗan abin da yake da shi, kuɗin mai ya fito. Jami'an kiyaye haɗurra sun hana, amma ba tsoronsu ne ya hana ni ba. Duk wanda ya daɗe a hanyar Kaduna ko ta Neja ya ga abin da ke faruwa idan tirela mai mutane a sama ta kife, kuma ba ya so ya sake gani. Gara mota ta dawo da kwanduna.

Saukewa da karɓar ciko

Kana saura 'yan sa'o'i ka isa, ka kira mai karɓa ya tanadi wuri da 'yan dako da kuɗinka. Ka yi ƙoƙari ka shiga da safe, kuma ka tuna ranar Juma'a aiki yakan tsaya da rana a kasuwanninmu. Idan mutumin sabo ne, a ba ka ciko kafin a kwance igiya, ko a sauke rabi a biya sannan a ƙarasa. Ka faɗi wannan tun a wajen ciniki don kada ya zama cin fuska a gaban yaransa. Bayan an gama ƙirga, ya sa hannu a takardar kaya cewa ya karɓa cif, ka ɗauki hotonta ka tura wa dillali da mai kaya.

A cikin motata akwai ɗan littafi. Kowace tafiya ina rubuta rana, kaya, wanda ya haɗa, kuɗin da aka yi, litar da aka sha, kwanakin jira, da ko ciko ya fito ba gardama. Bayan shekara ɗaya littafin nan zai nuna maka dillalai huɗu ko biyar da suka cancanci ka riƙa gaishe su ko ba lodi, da watannin da ya kamata ka sassauta, da waɗanda ya kamata ka dage. Mai kayan da ya ji daɗin aikinka zai nemi lambarka, watarana ya kira ka kai tsaye. Ka karɓa, amma ka aika wa wanda ya fara haɗa ku da ɗan na goro, domin za ka sake shiga garejinsa.

Kafin ka bar Kano, tun 'yan dako suna share bodi, ka kira Singa ka ji ko akwai mai kayan Daura, sannan ka kira Mai'aduwa ka ce a sa motarka a layin Lahadi.